Ranar da Aka Sa Ni Yabon Gidan Isuhu

Har ƙasa ta rufe mani ido ba za ni manta da ranar da dillalan Sabon Birni da na Isa suka zauna a rumfar Alhaji Labbo suka yanke shawarar faɗin gaskiya ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun sha jin labarin a bakin mutane, kowa da gishirin da yake ƙara masa, kuma ko wa ya ba da shi ni ne abin dariya a ciki. To ga shi daga bakin mai shi. Ba don in wanke kaina na rubuta ba. Na rubuta ne ko wani a cikinku zai tsaya a inda ni ban tsaya ba.

Sunana Arzika. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma na yi shekara talatin da ɗoriya ina dillancin gidaje da filaye tsakanin garin nan da Isa da ƙauyukan da ke kewaye. Ga wanda bai san aikin ba: mai gida ya kawo mana gidansa, mu nemo mai saye, mu tsaya a tsakani har a taya a sallama, a kira shaidu a rubuta takarda. Abin da ake ba mu shi ake kira la'ada. Muna da shugaba da muke ce wa Sarkin Dillalai. Ba rawanin fada ba ne, mu muka zaɓe shi don ya raba mu in mun yi faɗa, kuma ba a mako ba mu yi ba. A lokacin Alhaji Labbo ne sarkin, mutum mai sanyin magana, yana da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, kuma shi yake juyo wa duk wanda ya kawo masa maganar banza.

Gidan da ake magana a kai na Isuhu ne, a unguwar da ke gangare wajen gulbi. Sau biyu hannuna ya shiga gidan nan, kuma duka biyun ba alheri na kai ba. Na farko, ni na sayar wa mahaifinsa, marigayi Malam Nomau, fiye da shekara ashirin da suka wuce. Na biyu shi ne lokacin da Isuhu ya so karɓar rance a wani ƙaramin banki, don ya sayi injin ban ruwa da taki ya noma fadamarsu ta wajen Gatawa. Ƙa'idar bankin ita ce ka ajiye takardar gida jingina, sannan wani sanannen dillali ya rubuta abin da gidan zai yi a kasuwa. Isuhu ya zo mani da goro da ɗan abin sawa aljihu, ya ce, "Baba Arzika, a ɗan ɗaga shi." Na ɗaga shi. Na ɗaga shi har inda ko gidan bene zai ji nauyi. Banki ya duba takardata ya ɗora wa yaron abin da ya fi ƙarfin wuyansa.

Daga nan hanyar Gatawa ta lalace da 'yan bindiga. Rani biyu Isuhu bai taka fadamar ba, injin yana ɗaki an lulluɓe shi da buhu. Biya ya tsaya. Banki ya aiko wasiƙa, ya sake aikowa, ya tafi kotu ya dawo da izinin sayar da gidan. A cikin gidan kuwa akwai Isuhu da matarsa da 'ya'ya shida da tsohuwarsa, Inna Kulu.

Ma'aikacin bankin, wani matashi mai suna Malam Bashiru, shi ya zo rumfar Sarki da hantsi, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla, da fayil a hammata. Ya ce an umarce shi ya ba dillalan nan da na Isa gidan su nemo mai saye. Sarki ya tambaye shi ko akwai wata hanya.

"Baba, akwai ɗaya," in ji shi. "In aka biya abin da ya taru na baya, ofishinmu na Sakkwato zai yarda a sake tsara sauran, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Amma in wani ya riga ya zo da kuɗin gidan ya ajiye mani a tebur, ba ni da ikon cewa a'a."

Washegari Sarki ya tara mu. Mutanen Isa suka zo a mota ɗaya, babbansu Tunau yana gaba. Ni da Tunau mun yi shekara bakwai ba ma gaisawa, tun ranar da muka sayar wa mutum biyu fili ɗaya, shi da safe ni da la'asar. Ya zauna a wancan bakin benci, na zauna a wannan.

Sarki ya kawo dabararsa. A bayan gidan Isuhu akwai kango, fili mai ɗan girma inda Inna Kulu ke ɗaure awaki, kuma yana cikin takarda ɗaya da gidan. In aka yanke shi aka yi masa takardarsa daban aka sayar, kuɗin zai rufe abin da ya taru. Malam Bashiru ya ce banki ba zai hana ba. Matsalar ita ce lokaci. Sai mai unguwa ya sa hannu, hakimi ya sa, mai awon ƙasa ya zo daga sakatariya ya kafa turaku, kuma duk wanda ya taɓa bin takarda a sakatariya ya san mako shida ma an yi gudu. Aikinmu shi ne kada kowa ya sayi gidan a cikin makonnin nan shida. Kuma babu wanda zai ci la'ada, ko a gida ko a kango.

Maganar la'ada ta wuce ba gardama, abin da ya ba ni mamaki. Tunau ya gyara zama.

"Mai sauƙi ne, ranka shi daɗe. Mu ce akwai aljannu. Na san wata mata Isa, in an ba ta sabulu biyu za ta faɗi ƙofar gidan ta yi ta birgima har azahar."

Sarki ya juyo masa da kunnen da ba ya ji. Da ya gama sai ya ce, "Isuhu na da ɗiya mata huɗu. Gidan da anka ce akwai aljannu, wa za shi zo neman aure ciki? Kuma in banki ya ji mun yi ƙarya, mu za shi kai kotu. Ba mu yin ƙarya. Duk wanda yaz zo tambayar wanga gida, a faɗa mashi gaskiyar abin da ke ciki."

Dillalai suka dubi juna. Har mai shayin da ke gefe ya daina kaɗa cokali.

Wani daga baya ya ce, "Gaskiyar duka, ranka shi daɗe?"

"Duka."

"Ai ba mu taɓa gwadawa ba."

"To yau za ku koya," in ji Sarki.

Da yake babu wanda ya san aibin gidan kamar wadda ta shekara ashirin a ciki, sai muka ɗunguma mu goma sha ɗaya zuwa wurin Inna Kulu. Tsohuwa ce gajera, da sanda, ba ta manta komai. Isuhu yana tsaye a gefe kansa a ƙasa, kunya ta hana shi kallonmu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kaina.

"Arzika, ashe kana raye. Zo nan gaba, kai za ka riƙe mani sanda."

Ta fara daga zaure. "Ranar da kak kawo Malam nan, kac ce ruwa har ƙofa yake zuwa. Gaskiya kaf faɗa. Duk ruwan da anka yi unguwar nan, nan shika taruwa. Bara har kifi munka kama cikin wanga zaure."

Dillalai suka fara rubutawa, wasu a takardar taba, wasu a tafin hannu.

Muka shiga tsakar gida. "Kac ce iska na ratsa ko'ina. Ɗaga kanka." Na ɗaga. Ta ramukan kwanon rufin ɗakinta na ƙirga wurare biyar da ake hango sama. "Kac ce maƙwabta masu son aiki ne." Kamar an ba shi alama, injin niƙan da ke jikin katangarta ta gabas ya tashi, har kwanonin da ke kan randa suka kama rawa. Ta jira ya lafa. Ta nuna rijiya ta ce na ce ruwan yana da ɗanɗano na musamman, zartsi ne, ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sha. Ta nuna azara da gara ta cinye, da soron da jemagu suka gaje, da wata tsaga a katangar baya da na sa aka lulluɓe da yaɓe kwana biyu kafin in kawo mijinta.

Tunau yana ta dariya a hankali, kafaɗunsa na motsi. Ta juya masa. "Kai na Isa, rufe baki. Na ji labarin shagon da kas sayar ma ƙanena." Ya rufe.

Abin da ya fi damuna a ranar shi ne, duk abin da ta tuna na faɗa wa Malam Nomau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki in aka bi kalma kalma. Da wannan nake kare kaina shekara da shekaru, ina cewa ni ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. Juya magana kawai nake yi.

Aka fara aiki. Sarki ya kafa doka: duk wanda aka kama ya yabi gidan, shi zai sayi shayin rumfa gaba ɗaya. A makon farko sau uku na saya. Ba da gangan ba, bakina ne ya saba. Wani malamin makaranta daga Kurawa ya zo yana neman gida a gari, na kai shi, na tsaya a zaure na dake na ce, "Malam, gaskiya ruwa na shiga nan da damina." Ya ce assha. Ganin fuskarsa ta faɗi, kafin in ankara na ji bakina yana cewa, "Amma fa ka huta da sayen ruwan wanki wata huɗu." Ya fara murmushi. Da ƙyar wani dillali da ke bayana ya ja shi gefe ya nuna masa jemagu. A karo na uku Sarki ya ce kada a sake ganina a layin gidan, in tsaya a rumfa in riƙa gadin benci.

Sauran suka iya fiye da ni. Tunau ma har ya ƙware, yana faɗin aibin gidan da wani irin daɗi, kamar wanda ya gano sabon abinci. Muka ɗauka mun gama.

A mako na uku sai ga Alhaji Barmo. Babban ɗan kasuwa ne, yana kai wake Maraɗi ya dawo da dabino da atamfa, yana neman gida a nan don yaransa su riƙa sauka. Ya je wa Tunau, Tunau ya karanta masa aibobi tun daga zaure har masai. Ya yi godiya ya tafi wurin wani dillalin, ya ji irinta. Ya tafi wurin na uku, ya ji irinta, har da kifin. Sai ya zo rumfa ya tsaya a gaban Sarki yana kaɗa makullin mota.

"Sarki, shekara arba'in ina hulɗa da dillalai, daga nan har Damagaram. Ban taɓa jin dillali ya kushe abin da za shi ci la'ada kai ba. Yau ga goma bakinsu ɗaya. Mi kunka gani cikin wanga gida?"

"Abin da munka faɗa maka shi munka gani, Alhaji."

"Dakor," in ji shi, yana dariya. Haka mutanen Nijar ke cewa in sun yarda, amma shi bai yarda da komai ba. "Kuna so ku kore mu ku saye ma kanku. Ni ma ɗan kasuwa ne."

Kafin kwana uku gari ya ɗauka. Wasu suka ce sabon titi zai bi ta ƙofar gidan. Wasu suka ce kamfanin waya zai kafa ƙarfen sabis a tsakar gidan ya riƙa biyan haya. Wata tsohuwa ta rantse cewa Malam Nomau ya binne tukunyar kuɗi a gidan. Duk aibin da muka ƙara faɗa, sai masu saye su ƙaru. Wani mai sayar da siminti ya ji labarin gara ya ce lalle abin babba ne. Tunau ya kai wani mutum har bakin rijiya ya ɗebo masa ruwan ya sha, mutumin ya tofar, ya share baki ya ce, "Kai Tunau, har gishiri kunka zuba don ku hana ni." Ba mu taɓa tunanin wannan ba: mun yi shekaru muna koya wa mutanen garin nan su juya maganarmu kafin su yi amfani da ita, kuma sun koya da kyau.

Sai Malam Bashiru ya zo rumfa a kan babur, bai ko kashe shi ba. Ya ce Alhaji Barmo ya je ofis ya yi tayin da ya wuce na kowa, ya ce ranar kasuwa zai leƙa gidan sau ɗaya na ƙarshe, daga can ya wuce banki da kuɗi. Saura kwana biyu. Takardar kango kuwa tana kan teburin wani a sakatariya da ya tafi ta'aziyya.

Muka sake komawa gidan, wannan karon babu mai dariya. Matar Isuhu ta riga ta fara ɗaure kwanoni a zane. Isuhu ya ce mana ya gode, mun yi iya ƙoƙarinmu, zai nemi ɗaki biyu a wajen kawunsa. Sarki ya zauna a kan turmi ya kwashe yadda aka yi ya faɗa wa Inna Kulu. Ta saurara har ƙarshe tana tauna goro.

"Ku duka manya da gemu, wagga ƙaramar magana tag gagare ku," in ji ta. "Ku sako mashi Arzika."

"Inna, Arzika yabo shika yi," in ji Sarki. "Shi ya sa munka ɗaure shi rumfa."

"Shi nika so shi yi. Shi sa babbar riga shi zo shi yabi gidan gaban Barmo, yadda yay yabe shi gaban Malam."

Na ce, "Inna, in na yaba ai saye za shi yi. Ban taɓa yabon gida ya kwana ba."

Ta dube ni, sannan ta dubi sauran. "Au, bai sani ba?"

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Arzika," in ji ta, "garin nan in mace ta sayi kankana ta fasa ta iske ta ruɓe, mi taka cewa? Cewa taka yi, Arzika ya yaba. In jaki ya gurgunce kwana biyu bayan an sayo shi, Arzika ya yaba. Jikata ta kawo takardar jarrabawa da jan biro ko'ina, uwatta ta duba tac ce Arzika ya yaba. Baƙi kaɗai ka saye hannunka yanzu, su ma sau guda."

Na juya wurin Sarki. Ya juyo mani da kunnen da ba ya ji. Na juya wurin Tunau, kuma wannan ce maganar farko da ta shiga tsakaninmu a shekara bakwai.

"Tunau, gaskiya ne?"

"Har Isa ana faɗi," in ji shi, a hankali. "Na ɗauka kai ma ka sani."

Ban sani ba. Ni da nake tafiya a kasuwa ina jin ana ambaton sunana daga rumfa zuwa rumfa, ina ɗauka suna ne na yi. Na tuna ranar da matata ta ƙona tuwo ta buɗe baki za ta yi magana, ta dube ni ta fasa. Na zauna a bakin rijiyar zartsi. Da na ɗan dawo na ce wa Sarki ai shi ya hana ƙarya.

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Kai da kanka kac ce ba ka taɓa yi ba. Aikinka za ka yi yadda kas saba."

Na ce za ni yi.

Ranar kasuwa da safe na sa farar rigata ta zuwa ɗaurin aure, na fesa turare, na tsaya a ƙofar gidan. Sauran dillalai suka ɓuya a shagon mai niƙa suna leƙe. Alhaji Barmo ya iso da jaka a kafaɗa. Na tare shi da hannu biyu.

"Alhaji, barka da arziki. Ka rabu da 'yan hassada, zo in nuna maka gidanka."

"Kai ne wa?"

"Arzika, dillali."

Ya zare hannunsa daga nawa ya ɗora a kan jakar. "Arzikan da yas sayar ma surukina sito Gangara? Wanda yaf faɗa ma wake buhu ɗari?"

"Ai sito ne mai sauƙin kai, Alhaji. Shigo."

Daga nan ban san lokacin da bakina ya karɓi ragama ba. Allah ya yafe mani, ban taɓa yin yabo mai daɗin na ranar nan ba. A zaure na ce masa ruwa har ƙofa yake zuwa, da damina yaransa ba su sayen kifi. A tsakar gida injin niƙa ya tashi, na ɗaga murya na ce ga agogo kyauta, ba mai makara a gidan nan. Na nuna masa jemagu na ce tun da aka gina soron sauro bai taɓa kwana ciki ba. Na kai shi ɗakin Inna Kulu na ce daga kan gado zai ga watan azumi kafin kowa a garin. Ita tana zaune a ƙofa tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, sai dai ta ce, "Haka yac ce ma Malam."

Duk inda na yaba, sai Alhaji Barmo ya ja baya taku ɗaya ya ƙara rungume jakarsa. Abin da dillalai goma suka yi kwanaki suna faɗa masa bai gani ba, yanzu ya fara gani da idonsa. Ya dubi rufi, ya dubi azara, ya sunkuya ya shinshina rijiya.

Muka iso katangar baya. Ina da wata al'ada da duk wanda ya taɓa saye a hannuna ya sani: a ƙarshe nakan bugi bango da tafin hannu in ce, "Wanga gini, da ina da kuɗi ni za ni saye." Na ɗaga hannu na buga. Daidai kan tsagar da na sa aka lulluɓe shekara ashirin da suka wuce.

Yaɓen ya zubo mani a ka. Katangar ta yi wani ɗan nishi, ta tsaya kamar tana shawara, sannan rabinta ta kwanta cikin kango. Awakin Inna Kulu suka tsallako ta kanta suka bi ta tsakanin ƙafafun Alhaji suka nufi shinkafar. Ina tsaye hulata cike da ƙasa, na ji bakina yana cewa, "Ka gani, Alhaji, ko sabon gini za ka yi, ba ka biyan leburan rushewa."

Alhaji Barmo ya kakkaɓe ƙasa daga rigarsa.

"Yanzu na gane," in ji shi. "Waɗancan sun kushe don in yi kwaɗayi, kai kuma an aiko ka ka rufe ciniki. Tarko ne tun farko. Dakor. Ku nemi wani."

Ya fita da sauri har ya bar takalmi ɗaya a zaure, sai direbansa ya dawo ya ɗauka. A shagon mai niƙa an ce Tunau dariya ta kayar da shi cikin garin dawa, aka fito da shi fari fat.

Kafin la'asar magana ta gama kasuwa, kalma huɗu kawai: Arzika ya yabi gidan. Mai siminti ya janye. Masu titi da ƙarfen sabis suka ce dama su ba su yarda ba. Malam Bashiru ya zauna a ofis har aka tashi, babu wanda ya zo, ya rubuta wa Sakkwato cewa ba a sami mai saye ba.

Bayan mako biyu takardar kango ta fito. Sarki ya kira ni ya ce in tafi Gangara in gaida ɗiyata, kada in dawo sai an aiko, kuma ko a mota kada in ambaci kangon da alheri. Na tafi. Tunau ne ya sayar da shi ga wani magidanci da ya taso da iyalinsa daga wajen Gatawa. Ya faɗa masa tsawo da faɗi, ya faɗa masa ruwa na kwanciya a kusurwar yamma, mutumin ya auna da ƙafarsa ya ga haka ne, ya saya. Ba wanda ya karɓi ko sisi. Aka kai kuɗin banki gaban Sarki da mai unguwa, aka sake tsara sauran. Matar Isuhu ta kwance kwanoninta.

Da na dawo na je wurin Malam Bashiru na faɗa masa cewa takardar kimar da na rubuta tun farko ba gaskiya ba ce. Ya ce ya gane tun ranar da ya fara shiga zauren. Daga ranar ban sake rubuta wa kowa irinta ba. Sannan na je gidan, na durƙusa gaban Inna Kulu da Isuhu na nemi gafara, ta Malam Nomau da tasu. Na ce katangar da na kayar ni za ni tayar, da rufin ɗakinta, daga aljihuna. Isuhu ya ce ya yafe, shi ma da hannunsa a ciki. Inna Kulu ta nuna ni da sandarta.

"Na yafe," in ji ta. "Ka gyara. Amma in an gama, kada ka ce ya yi kyau."

Tunau ya aiko da bulo hamsin daga Isa, wani ya kawo yashi, Sarki ya ba da kwanon rufi. Kwana huɗu muka yi, dillalai da manyan riguna a naɗe suna miƙa wa magini kwaɓi.

Abin da na koya, ku yara, ba shi da yawa. Dillali ba shi da shago, ba shi da kaya, maganarsa ce kaɗai jarinsa, kuma ni na cinye nawa tun da daɗewa ban sani ba, ina yawo da babbar riga. Ranar da muka buƙaci a yarda da mu don mu ceci gidan mutum, babu wanda ya yarda, sai da aka nemo wanda ya fi kowa lalacewa a cikinmu. Na kuma ga cewa mutanen da ke faɗa a kan la'adar ɗaki ɗaya za su iya barin la'adar gida sukutum in aka nuna masu tsohuwa da jikoki shida. Kada ku raina abokan sana'arku, har na Isa. Yanzu in na kai mutum gida, aibin nake fara nuna masa. Wasu har yau juya maganar suke yi, ban ga laifinsu ba.

Isuhu ya gama biya bara. Duk damina nakan bi ta layin in leƙa katangar daga nesa. Tana nan tsaye, ko tsaga babu. Nakan dube ta sosai, in kama bakina da hannu, in wuce.